Ƙofar da Ta Kira Sunan Tela

Famfo ne ya fara tona asiri. Da safe wata mata a hawa na uku ta murɗa shi, ya yi tari irin na tsohon mashayin taba, ya tofo ɗigo biyu, ya ja bakinsa ya yi shiru. Kafin ka ce kwabo, gidan haya mai hawa huɗu ya sauko tsakar gida kaf, wani da bokiti, wani da tawul a ƙugu, wani da kumfar sabulu a bayan kunne. Suka kewaye kejin ƙarfen da ake ajiye injin turo ruwa. Keji na nan, kwaɗo na ƙasa a fashe, inji kuwa ya yi ƙafa.

To, mutumin da bai yi wanka ba haƙurinsa kaɗan ne. Kowa ya fara auna maƙwabcinsa ta wutsiyar ido. Ciyaman na 'yan haya ya gyara murya ya fara jawabin haɗin kai, babu mai saurare. Ƙanin matarsa, wani dogo mai ƙamshin turare da kowa ke kira Baƙo, saboda ziyarar mako ɗaya ya zo yi tun bara har yau bai gama ba, shi ke cewa a kira 'yan sanda, ɓarawon ɗan gida ne.

Ana cikin haka sai ga Wakilin mai gida, waya a hannu. Bara mai gida ya sa wa gidan ƙofa mai ido, irin mai basirar na'ura. Ta san fuskar kowane ɗan haya. Ka tsaya gabanta, ta buɗe maka, ta gaishe ka da sunanka, ta kuma riƙe shigarka da fitarka ta tura wa Wakili. Ya latsa wayar, ya ɗago kai a hankali irin na alƙali, ya ce mutum ɗaya ne tak ya fita kafin gari ya waye: Tela.

Tela ɗan guntun mutum ne mai shago a ƙasa, shi da matarsa suna kwana a ɗakin bayan shagon. Ya rantse, ya sake rantsewa, ya ce shi ko hanyar ƙofar ba ya bi.

“Na'ura ba ta da dangi a gidan nan, ba ta da abokin gaba,” in ji Wakili.

Ya ɗauko kwaɗuna biyu, ya garƙame shagon gaba da baya, da keken ɗinki da kayan mutane duk a ciki. Ya ce in inji bai dawo kafin yamma ba, Tela zai bar gidan, kuma a motar 'yan sanda zai bar shi.

Matar Tela ta koma gefe ta buga wa kawunta waya.

*

Kawun nata shi ne Duba-Ƙasa. Ya yi ƙuruciyarsa a gandun namun daji yana bin sawun masu farautar sata, kuma tun da ya ajiye aiki wuyansa bai miƙe ba. Mutum ne da zai wuce ka a titi bai gaishe ka ba, gobe ya ce maka jiya ya ga takalminka, dunduniyar hagu ta cinye. Yana da cika baki kuwa. Shi da kansa yake faɗa cewa daga sawu yana gane ko mai ƙafar ya yi faɗa da matarsa kafin ya fito.

Da ya iso ya ga yadda aka tattake wurin, sai ya ce garken ɓauna ma ya fi mutanen gidan nan tsari. Ya kore su baya da sandarsa, ya tsuguna. Wanda ya kwance injin da sifana ya kwance shi, bai fasa bututu ba. Daga gefen kejin kuma wani layi ya ja a kan siminti, alamar an ja abu mai nauyi, ya lanƙwasa ta bayan matakala ya tsaya cak a ƙofar wani ɗan haya da ake kira Makanike.

Duba-Ƙasa ya yi murmushi. Sifana, nauyi, Makanike. Ashe ko shayinsa da ya bari a gida ba zai huce ba.

Makanike ya buɗe ƙofa yana sosa ciki. Da ya ji abin da ke tafe da baƙon, sai ya shiga ya jawo tukunyar gas ɗinsa ta kan simintin, ƙiii, ta zana wani layin kusa da na farko, kamar an tsaga kara. Jiya ya ciko ta, in ji shi, bayansa kuma ba ya son ɗaukar kaya.

“Baba, in ni ne zan saci inji, ai ba zan zana maka taswira har bakin gadona ba.”

Duba-Ƙasa ya haɗiye wannan da ƙyar. Makanike kuwa bakinsa ya buɗe, ya shiga zagin ƙofar nan mai ido. Ya ce ranar rajista yaran kamfani suka tsayar da shi gabanta kamar wanda aka kama da akuya, kalli dama, kalli hagu, goge baƙin mai daga goshinka, kada ka yi dariya. Duk wannan wahalar, ga shi an sace inji a gaban idonta. Ya ce in ana son wanda ya ga wani abu, a tashi Nas, ita ke dawowa daga aikin kwana lokacin da kowa ke minshari.

*

Nas ta leƙo da ido ɗaya a buɗe, ɗayan yana ci gaba da barci. Ba ta ga kowa ba, in ji ta. Amma ta shigo ke nan, ta hau matakala, ta tsaya a kwana tana cire takalmin da ya matse ta, sai ta ji ƙofar ta yi magana a ƙasa, tar-tar.

“Me ta ce?”

“A sauka lafiya, Tela.”

Ya tambaye ta ko ta tabbata, ko gajiya ce. Ta ce ita aikinta ne ta ji numfashin mara lafiya daga ɗaki na uku, kuma in ya gama, tana son rufe ƙofarta.

Yanzu kam Duba-Ƙasa ya fara zargin Tela da gaske. Wayar Wakili daban, kunnen mutum daban. A kan matakala ya tarar da 'yar 'yar'uwarsa, matar Tela, ta haɗa kai da gwiwa. Wakili ya nuna mata cewa ba yau aka fara ba, watanni ke nan ƙofa tana ganin mijinta yana fita yana dawowa a lokutan da mutumin kirki ke kan katifa. Ita kuwa barcinta nauyi gare shi, ko gini aka rushe ba ta sani ba.

“Kawu, ko dai ni ce ban san wanda nake aure ba?”

Shi ma tambayar da ke cinsa ke nan. Dama tun farko bai taɓa yarda da mutumin da ke magana da allura a baki ba.

*

Tela na zaune a kan wani bulo, jingine da ƙofar bayan shagonsa, yana kallon kwaɗon kamar zai narkar da shi da ido. Duba-Ƙasa ya tsaya a kansa, ya duba tafin hannunsa, ya duba ƙarƙashin farce, ya sa ya ɗaga silifas. Babu tsatsa, babu baƙin mai, sai alli da guntayen zare. Amma sabulu ma ai yana aiki, ko da ruwan bokiti ne.

Ya ce masa ya faɗi gaskiya tun suna su biyu, in mace ce a waje a san yadda za a yi, in inji ne a dawo da shi ta bayan gida. Tela ya ce shagonsa na da ƙofa ta titi, yana da ta tsakar gida, me zai kai shi wata ƙofa mai surutu? Tun da aka kafa ta bai taɓa bi ta cikinta ba.

“Ranar rajista fa? Ba ka tsaya ka kalli dama ka kalli hagu ba?”

“Wace dama, Kawu? Ranar ɗinki ya sha kaina. Na ce wa Ciyaman ya tsaya mini. Da yamma ya leƙo ya ce an yi.”

Ka ga, a gidan nan tsayawa al'ada ce. Mai kawo saƙo ya zo ba ka nan, maƙwabci ya tsaya maka. Taron 'yan haya, wani ya amsa sunanka. Layin mai gyaran wuta, layin kwasar shara, duk wani na tsaya wa wani, kuma da haka gidan ke tafiya lafiya. Tela ya ɗauka rajistar ma irin wannan ce, a faɗi suna a wuce.

Duba-Ƙasa ya sosa gemu. In Makanike sai da ya kai fuskarsa, to da wace fuska Ciyaman ya tsaya wa Tela?

Ya karɓi lambar kamfanin daga jikin ƙofar ya buga. Wata murya mai zaƙi ta ɗauka, ta ce tana farin cikin taimaka masa. Ya yi mata bayani tiryan-tiryan, har da tarihin aikinsa, kafin ya gane ita ma na'ura ce. Ya ce a nuna masa hoton wanda ya fita da asuba. Ta ce hoto sirri ne, don kare haƙƙin mai fuskar. Ya ce mai sunan fa, da za a kai shi caji ofis? Ta ce kamfani ba ya ɗaukar alhakin abin da abokin ciniki ya yi da bayanan da aka ba shi. Ya ce a haɗa shi da mutum mai jini a jika. Ta ce duk ma'aikata na kan wani aikin, ta kuma tambaye shi ko ya gamsu da hidimar yau.

Ya kashe wayar kafin ya faɗi abin da bai dace da furfurarsa ba.

*

Ya koma ga abin da ya sani. Tela duk inda ya bi sai ya zubar da zare, kamar kaza da gashi. Ga ja a bakin shago, ga shuɗi a gindin famfo, ga fari a hanyar banɗaki. Duba-Ƙasa ya bi su a duƙe har suka ƙare, taku da yawa kafin ƙofar. A daidai inda kowa ke tsayawa ya nuna fuska, tayil ɗin ya goge har yana sheƙi, amma ko silin zare babu, har cikin tsagar da tsintsiya ba ta kaiwa.

Wannan ya kwantar masa da hankali kaɗan, amma ya san Wakili zai yi dariya ne in aka kawo masa rashin zare a matsayin hujja.

Ya dafa ƙarfen ƙofar zai miƙe, gwiwa ta yi ƙara, dole ya ɗaga kai. A sama da kamarar akwai 'yan hudoji inda muryar ke fitowa. A kan hudojin kuwa ga shatin tafin hannu, yatsu biyar a baje, maiƙo kan maiƙo, na jiya a kan na shekaranjiya. Ya miƙa nasa hannun, da ƙyar yatsunsa suka taɓo gindin shatin. Ya zagaya waje. Can ma hudoji, can ma hannu.

Ya tsaya yana kallo. Wani dogo a gidan nan kullum sai ya toshe wa ƙofar baki kafin ta gaishe shi. Mutum ba ya toshe bakin mai gaishe shi sai in sunan da za a kira ba nasa ba ne. Yau da asuba kuwa ta samu ta yi magana har Nas ta ji, domin inji ba ya ɗaukuwa da hannu ɗaya.

*

Rana ta karkata, Wakili ya dawo yana kaɗa makullin mota, yana tambaya ko inji ya samu ko ya buga waya. Duba-Ƙasa ya ce alfarma ɗaya yake nema: kowa ya fita titi, a sake shigowa ɗaya bayan ɗaya, a bar ƙofa ta rufe tsakanin mutum da mutum. Tunda an ce ba ta ƙarya, a bar ta ta ba da shaida a gaban jama'a. Wakili ya ɗaga kafaɗa. Mutane suka fita da bokitansu, don dama wajen neman ruwa za su.

Tela aka fara turawa. Ya tsaya, ya yi ɗage. Ƙofa ta yi ƙyaf-ƙyaf da jar fitila.

“Ba a san wannan fuskar ba.”

Aka fara gunaguni. Wakili ya ce ai ya ɓata rai ne, ya saki fuska. Tela ya yaƙe haƙora kamar mai tallan man goge baki. Ƙofa ta maimaita maganarta.

Makanike ya tsaya, ta yi masa barka da dawowa, ya ce ta riƙe gaisuwarta. Nas ta wuce tana hamma. Ciyaman ya wuce, ta kira shi daidai, amma gumi ya jiƙa masa wuyan riga. Layi ya yi ta raguwa har ya rage Baƙo, wanda ya samu waya mai muhimmanci tun ɗazu, ya juya baya yana ta “eh, eh, ina jinka”.

Duba-Ƙasa ya taɓa shi da sanda. Baƙo ya ce shi ai baƙo ne, ba shi da rajista, bayan mutane yake bi ya shige.

“To ba abin da za ta ce maka ke nan. Tsaya mu gani, ɗana.”

Ya tsaya. Hannunsa na hagu ya tashi da kansa, kamar ba shi ya aike shi ba. Duba-Ƙasa ya karɓi bokitai biyu daga hannun wata mata ya rataya masa, ɗaya a kowane hannu, ya ce ya taimaka wa uwarsa da kaya.

Fitila ta yi kore. Ƙofa ta zuge.

“Barka da dawowa, Tela.”

Matar Tela ta dubi mijinta, ta dubi dogon, ta ce ashe wannan ne mijin nata mai yawon dare.

Ciyaman ne ya fara zubewa. Mai gida ya hana a ajiye wanda ba ya cikin yarjejeniyar haya, ƙanin matarsa kuma yana buƙatar shiga da fita, ga gurbin Tela zaune ba mai amfani da shi. Yaran kamfani fuska kawai suke so su cike aikinsu su tafi, ba su tambayi ta wane ne ba. Shi dai tsayawa ya sa aka tsaya wa maƙwabci, kamar kullum. Da safe da aka kira sunan Tela ya gane komai, amma in ya buɗe baki, nasa ɗakin ne zai tafi.

Baƙo ya ce injin yana wurin mai sayen tsofaffin ƙarafa a bayan layi, ko kwance shi ba a yi ba. Makanike ya kama shi ta bel ɗin wando ya ce su je, zai nuna masa yadda ake ɗaukar kaya da hannu biyu kafin ya miƙa shi ga 'yan sanda.

*

Wakili ya buɗe kwaɗunan da kansa, yana cewa ai an gode Allah, magana ta wuce. Tela bai shiga ba. Ya tambaya, a hankali, wa zai ba shi haƙuri.

Wakili ya ce shi abin da na'ura ta faɗa ya bi. Aka sake buga wa kamfani a gaban kowa, murya mai zaƙi ta ce na'ura ta yi aikinta daidai, fuskar da aka ba ta ita ta gane. Ciyaman ya ce shi taimako ya yi niyya. Duba-Ƙasa, wanda ya saba duk sawun da ya bi ya tarar da ƙafa a ƙarshensa, ya tsaya yana kallon wannan sawun yana zagaye tsakar gida ba mai shi.

Nas ta ce to aƙalla a goge sunan Tela daga ciki. Muryar ta ce da farin ciki, sai dai mai fuskar ne kaɗai ke da ikon neman a goge. Wato sai Baƙo ya dawo daga wurin 'yan sanda ya roƙa a daina kiransa Tela.

Tela ya gyaɗa kai. Ya shiga shago, ya fito da tef a wuya, ya jawo bulonsa gaban ƙofar ya hau. Ya auna kamarar, faɗi da tsawo da zurfi, ya koma ciki. Keke ya yi ƙara na ɗan lokaci. Ya fito da 'yar jaka ta baƙin yadi mai kauri, da zariya, ya sa wa kamarar ciki da waje ya ɗaure tamau. Makanike, da ya dawo da injin, ya ce kwaɗo da makullai ba su ƙare a kasuwa ba, zai yanka wa kowa nasa.

Wakili ya ce wannan kayan mai gida ne, ba a taɓa shi.

“Ban taɓa shi ba, sutura na yi masa,” in ji Tela. “Ranar da aka samu mutum mai suna da fuska, wanda in ta sake yi wa wani ƙarya shi za a rufe wa shago, ya zo ya kwance da hannunsa.”

Wakili ya dubi zariyar, hannu ɗaya ya ishe ta. Ya dubi mutanen gidan, da bokitansu, ba wanda ya yi wanka. Ya mayar da hannunsa aljihu, ya ce zai gaya wa mai gida.